Sunan Nababa a Takarda Biyu

Tudun Marke,
3 ga Yuli

Taubashina Nababa,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da su Umar Farouk da Nafeesa. Ya kasuwa, ya kuma haƙurin rashin matarka Batulu? Shekara guda ke nan har da 'yan kwanaki, Allah Ya kai haske kabarinta. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwar nan tawa da ke riga hadari sanar da ruwa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Tun da ɓarayin daji suka lalata mana ƙarfen sabis, sai mutum ya hau dutsen makaranta kafin wayarsa ta yi tari. Ni kuwa shekara talatin na yi ina koyarwa a gindin dutsen nan ban taɓa hawansa ba, ba yanzu zan fara ba. Nazeer direba ya ce duk Laraba yana sauke masara a rumfarka a Karshi, na ce to, Allah Ya kawo mini mai kai saƙo.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka ji a rediyo kwamitin majalisar tarayya zai zagaya jin ra'ayin jama'a, kuma cikin abin da za a saurara har da batun ƙara yawan kujerun wakilai. Ka san halin da muke ciki. An haɗe garuruwanmu bakwai da birni a mazaɓa ɗaya, su kuwa sun fi mu yawa, don haka ba a taɓa samun ɗan yankin nan ya je Abuja ba, in ba irinku masu zuwa awon masara ba. Dattawa sun zauna sun ce in dai za a ƙara kujeru, mu nemi tamu. Sun ɗora mini rubuta takardar, wai ni ce mai alli. Amma takarda ba ta da nauyi sai da mutane, mutanenmu kuwa rabi suna wajenku.

Saboda haka, ya shugaban 'yan Tudun Marke mazauna Abuja, ka tattaro mini sunayen mutanenka kafin ƙarshen wata. Ba wani sabon abu na roƙa ba. Duk zaɓe kai ke cika bas biyu ka kawo su, direbobi su sauka a ɗakin baƙi na zaure, kai ka shige ɗakin mahaifinka Baba Sule ka miƙe ƙafa kamar jiya ka fita. Ɗakin na nan, ina sa a share shi duk Juma'a. Kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito, gidan nan kuma ni nake riƙe muku shi tun da kuka watse, ka ga ba ka da bakin ce mini a'a.

An sa auren jikata Mashkura bayan kaka. Ka fara tanadi.

Yayarka ko ka ƙi ko ka so,
Hajjo

*

Karshi, Abuja
9 ga Yuli

Yaya Hajjo,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na ji lafiyarku na gode Allah. Ki riƙa gasa gwiwar nan da ruwan ɗumi, ki daina yi mata gardama. Yara lafiya, Nafeesa ta koma makaranta. Allah Ya sanya albarka a auren Mashkura.

Yaya, maganarki ta same ni a wuri mai wuya. Ni ma sunaye nake tarawa, kuma don zaman kwamitin nan ne, sai dai ba don Tudun Marke ba. Ni da maƙwabcina James muke bi gida gida a Unguwar Rafi da kewaye. Duk faɗin Abujan nan wakilai biyu gare ta da sanata ɗaya, ga mutane kullum sai ƙaruwa suke. Muna neman in za a ƙara kujeru a ba garuruwan gefe tasu.

Na san za ki ce me ya kai mai masara siyasa. Dole in faɗa miki abin da na ɓoye. Da Batulu ta rasu na aiko muku cewa gajeriyar rashin lafiya ce. Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi duka ba. Ranar tun safe ake ruwa. Bayan azahar asmarta ta tashi, abin shaƙarta ya ƙi yi. Asibitin yana tsallaken rafi, daga ƙofar gidana ana hango rufinsa. Katakon da muke takawa mu haye ruwa ya shanye shi. Ni da James muka ɗauko ta a kan kujera har bakin rafin, muka tsaya muna jiran ruwa ya ja. Bai ja ba sai bayan la'asar, ita kuwa ba ta kai la'asar ba. A maƙabartar Karshi take.

Bayan sadakar arba'in na ce ko kwalbati ce sai an yi mana a wurin. Muka je ofishin wakilin mazaɓar nan. Ma'aikacinsa ya karɓe mu da mutunci, ya nuna mana takardun koke sun kusa kai rufi, ya ce wakilin mutum ɗaya ne da jama'ar da ta fi ta wata jihar. Sai ya tambaya katin zaɓe nawa ne a unguwarmu. Ke ma kin san inda namu suke. Daga nan na nemi wakilinmu na gida, wanda na cika bas don shi. Ya ba ni shayi, ya yi mini ta'aziyya, ya ce ba shi da ikon kai aiki wajen mazaɓarsa. Duk su biyun gaskiya suka faɗa, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Shekarata ashirin da bakwai a garin nan. Ban ce na ƙi ba, Yaya, amma taura biyu ba ta taunuwa. Ina roƙon ki dakata, kada ki sa sunan kowa daga nan sai na zauna da mutane mun yi shawara.

Ki gaishe da dattawa.

Naki,
Nababa

*

Tudun Marke,
24 ga Yuli

Nababa,

Bayan sallama, ina fata lafiya ce ta ɓoye ka. Mu nan lafiya, gero ya yi kyau a gonakin da ake iya zuwa.

Mako uku ke nan babu kai babu Nazeer. An ce motarsa ce ta lalace a hanyar Kaduna, to kai fa, hannunka ne ya lalace? Na san ka tun kana yawo ba wando, in abu bai yi maka ba ba ka iya rufe baki. Tunda ka yi shiru na ce shiru ma amsa ce.

An matso da zaman yankinmu, don haka ban jira ka ba. Na ɗauko littafin ƙungiyarku da ka bari a ɗakin Baba Sule lokacin zaɓen da ya wuce, na kwafe sunayen tas, mutum ɗari biyu da goma sha huɗu, naka a sama. Sai da na kai ƙasan shafi na lura na kwafo har da Batulu, tana biye da kai kamar yadda kuka rubuta. Na sa biro na ja layi a kanta. Ban ɓoye maka ba, na yi hawaye.

Shekaranjiya muka kai takardar. Ka ga taubashiyarka a gaban lasifika, da sandata da tabarau. Na ce musu mutanenmu ba ɓata suka yi ba, nema suka tafi, kuma duk zaɓe suna dawowa. An tafa mini. Kwafi ɗaya na wajen kwamiti, na asali yana hannuna, an ce za a sake neman sa in an zo tantancewa.

Na sauke maka nauyi, sai ka biya ni da atamfar biki. Zan ba ɗan'uwan Nazeer wannan, shi ke shigowa Abuja yanzu.

Hajjo

*

Karshi, Abuja
2 ga Agusta

Yaya Hajjo,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Takardarki ta ranar ashirin da huɗu ta same ni jiya, kuma daga karanta ta na gane tawa ba ta iso ki ba. Tana cikin motar Nazeer a gareji. Yau aka ce ya tayar da motar, za ki karɓi biyun tare. Ki fara karanta waccan.

Mu ma an yi namu zaman ranar Talata, a wani babban ɗakin taro a cikin gari. Ni aka tsayar in yi magana. Na sa farar shaddata, James ya sa kwat ɗin da yake zuwa coci da ita. Mun kai mutum ɗari bakwai a takarda, kowa da sunansa da garinsa da dangwalen yatsa. Minti uku aka ba ni. Na faɗi maganar rafi, ban ambaci Batulu ba don kada murya ta ci amanata.

Ina gamawa sai wani dattijo cikin 'yan kwamitin ya jawo takardarmu yana buɗawa. Ya fara karanta layin gari a hankali: Bichi, Funtuwa, Zariya, Tudun Marke, Tudun Marke, Ɗanbatta. Ya ce shi bai ga mutanen Karshi a nan ba sai tsiraru. Yaya, mutanen James kaɗai suka rubuta Karshi. Namu kaf, da aka ce gari, kowa ya rubuta inda aka binne cibiyarsa. Har yaran da aka haifa a asibitin tsallaken rafin nan, waɗanda ba su san hanyar garin uban nasu ba. Babu wanda ya yi da gangan. Haka muka saba amsawa in an tambaye mu.

Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, kai a naka layin me ka rubuta?"

Na duba. Da hannuna na rubuta Tudun Marke. Ya ce to ai waɗannan suna da wakilai a garuruwansu, ba za a ƙirga kai ɗaya sau biyu ba. Aka yi dariya kaɗan a bayana. Na so ƙasa ta tsage in shige.

A mota James ya juya fuskarsa ga taga har muka wuce Nyanya. Mutumin da ya riƙe ƙafar kujerar Batulu cikin ruwan sama. Da muka sauka sai ya ce, "Oga Nababa, ni ba na fushi. Amma ruwa da ya hana madam wucewa, a Karshi yake. Ku kuna ci a nan, kuna haifi yara a nan, in counting ya zo, lokacin ƙirga mutane, sai ku shiga bas."

Kwana uku ina juya maganar, sai ga takardarki tana ce mini sunana ne a saman wata takardar, an ma tafa miki a kansa. Raina ya ɓaci, Yaya, ba zan rufe miki ba. Kin ɗauki littafin da na bari amana kin yi magana da bakina. Yanzu ina gaban kwamiti ɗaya a wuri biyu, a can ina cewa ni na can ne, a nan ina cewa ni na nan ne.

Wata ma'aikaciyar kwamitin mai suna Hafsah ta bi mu har waje, ta ce za mu iya sake kawo takarda kafin a rufe karɓa, amma abin da zai yi nauyi shi ne inda katin mutum yake. Hukumar zaɓe ta buɗe sauya mazaɓa. Na yanke shawara zan dawo da katina Karshi. Ki cire sunana daga takardarki.

Nababa

*

Tudun Marke,
13 ga Agusta

Nababa ɗan Baba Sule,

Sallama da gaisuwa. Takardunka biyu sun iso hannu ɗaya, ta farkon duk ta sha baƙin mai. Na bi umarninka na fara da ita. Ban iya buɗe ta biyun ba sai washegari.

Ashe haka Batulu ta tafi, kana hango rufin asibiti? Kuma ka bar ni shekara guda ina ce wa mutane ai ba ta sha wuya ba? Yarinyar da ni na wanke ta ranar da aka kai ta ɗakinka. Wannan ɓoyon ya fi faɗan da ka yi mini zafi. Allah Ya jiƙanta, Ya saka wa maƙwabcin nan naka da alheri. Ka ce masa wata tsohuwa a Tudun Marke ta gode.

Batun littafi kuwa, na yi kuskure, na karɓa. Na yi gaggawa. Amma tsaya ka ji nawa, don ba kai kaɗai ke da rafi ba. Ka san yanzu aji nawa ake buɗewa a makarantar da na yi wa bauta? Biyu. Gonar Baba Sule ta bayan dutse shekara uku ba a sa mata fartanya ba, don wanda ya je ba shi da tabbacin dawowa. Watan jiya matar limamin Unguwar Gabas a kan amalanke aka fita da ita tana naƙuda, don babu motar da ke yarda ta shigo bayan la'asar. Wa za mu kai wa kuka? Wakilin da ya ba ka shayi sau ɗaya ya taɓa taka garin nan, shi ma bai kashe mota ba.

Ku kuka tafi, ban ga laifinku ba, yunwa ce da tsoro. Amma da kuka tafi kun bar mana sunayenku, da su muke tsayawa a gaban hukuma mu ce mu gari ne. In ka janye naka, ba kai kaɗai za ka janye ba, don kai suke kallo. Ranar tantancewa me zan nuna? Tsofaffi da awaki?

Na kai maganar gaban dattawa don ba ta ɓoyuwa. Ba su yi hayaniya ba, ka san su. Sarkin Noma ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sun ce wanda katinsa ba ya nan zai iya zuwa suna da biki da jana'iza, amma ba shi da baki a taron gari, ba zai kuma riƙe ƙungiya da sunan Tudun Marke ba. Na ce musu taubashina ne, yana da taurin kai amma ba ya yanke zumunci, su ba ni lokaci.

Don haka ina roƙonka, ni da ban saba roƙonka komai ba sai da zagi. Ka bar katin nan inda yake. Ka yi wa rafinku faɗa da bakinka da ƙafarka, ka bar mana sunan. Ban cire shi ba tukuna. Hannuna ya ƙi.

Yayarka,
Hajjo

*

Karshi, Abuja
10 ga Satumba

Yaya Hajjo,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da jinkiri, wannan karon ba motar Nazeer ba ce, ni ne. Sau huɗu ina farawa ina yagawa. Muna lafiya. James ya ce a gaishe da Mama.

Na karanta takardarki har na kusa haddace ta. Babu abin da kika faɗa da ba gaskiya ba. Na yi mako biyu ina cewa bari in bar shi kawai, ai kati ne. Sai ranar Juma'ar da ta wuce na je ziyara maƙabarta. Ruwan bana ya ci gefen gabas, ya kusa kai layin su Batulu. Muka kwaso duwatsu ni da Umar Farouk muna tarewa. Muna cikin yi ya tambaye ni, in tawa ta zo, gida za a kai ni ko nan. Ban taɓa tunanin abin ba, amma bakina bai yi jinkiri ba. Na ce nan, kusa da uwarku.

To kin ji, Yaya. Ƙasar da zan kwanta a cikinta, ina jin kunyar in ce ba a ƙirga ni a kanta ba. Ranar Litinin na je na cika takardar sauya mazaɓa. Da aka zo layin gari sai da na tsaya na kalli biron, sannan na rubuta Karshi.

Na tara mutanenmu na faɗa musu da bakina, na karanta musu takardarki duka, har wurin tsofaffi da awaki. Ban ce kowa ya bi ni ba. Mutum sittin da ɗaya sun bi, yawanci waɗanda suka binne wani a nan. Sauran suna nan a takardarki. Na ajiye shugabancin ƙungiya a wurin, kafin dattawa su aiko. Sunayen sittin da ɗayan na haɗo miki a baya.

Hafsah ta karɓi sabuwar takardarmu. Ta ce kada mu sa rai da yawa, maganar ƙarin kujeru sai ta bi ta majalisun jihohi, tana iya ɗaukar shekaru, tana iya mutuwa a hanya. Wataƙila ke ba ki samu ba, ni ban samu ba, mun ɓata da juna a banza. Wannan na hana ni sukuni. Rafin kuwa yana nan yadda yake, mun dai sake sa katako.

Atamfar Mashkura na hannun Nazeer. Ina so in zo bikin, in ƙofa a buɗe take.

Ƙaninki har gobe,
Nababa

*

Tudun Marke,
24 ga Satumba

Nababa,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, an fara yankan gero. Gwiwa ta yi sauƙi tun da ruwa ya ja baya. Atamfa ta iso, Mashkura ta gode, ta ce ashe kana da ido.

Na karanta. Ba zan ce na ji daɗi ba, ba kuma zan ce ka yi laifi ba. Na so in yi fushi in huta, fushin ya ƙi zama.

Jiya bayan sallar walha na ɗauko takardar na zauna a tsakar gida. Na bi sittin da ɗayan ɗaya bayan ɗaya ina ja musu layi. Da yawansu ni na koya musu rubuta sunan nan da nake sokewa. Naka na bari ƙarshe. Da na ja, sai na ga ya zauna daidai saman layin Batulu, biro ɗaya, hannu ɗaya. Na ce to, dama can tare kuke.

Na kai wa dattawa. Sarkin Noma ya nemi makullin ɗakin Baba Sule, ya ce tunda mai ɗakin ya zama na wani gari, a ba malamin da aka turo mana makaranta, wanda ke kwana a aji. Na yi niyyar gardama, sai na tuna aji biyun nan. Na kwashe kayanka da hannuna, buzun Baba da akwatin ƙarfe da littafin ƙungiya, suna ƙarƙashin gadona babu abin da zai taɓa su.

Kana tambaya ko ƙofa a buɗe take. Wane irin zance ne wannan? Biki ranar Asabar ta biyu ga watan Nuwamba. Ka zo da yara, ka zo da James in zai iya hanyarmu, ina so in ga fuskarsa. Ku taso da wuri ku shigo kafin la'asar. Zan yi maka dambun da kake so, zan kuma zage ka a gaban mutane kamar yadda na saba, kada ka ce an canza maka.

Na sa an share maka ɗakin baƙi.

Yayarka,
Hajjo